Bayan Jiniya Ta Yi Shiru: Neman Wurin Aiki Mai Gamsarwa Ga Wanda Ya Rasa Aikinsa

(Wannan shi ne jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Unguwar Mu'azu, Kaduna. Mun buga shi yadda aka karanta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan yadda mutumin da ya rasa aikinsa zai sake samun wurin aikin da zai kwanta masa a rai. Na san wasu za su ce wannan zance bai shafe su ba tukuna, domin ɗalibi bai kama aikin ba balle a sallame shi, shi kuwa matashin ma'aikaci yana ganin takardar tabbatar da shi a aiki ta zame masa garkuwa har ranar fansho. To, amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A garin Kaduna kuwa gemu ya sha kamawa da wuta a gaban idonmu, saboda haka ba sai mun je nesa neman misali ba.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan jawabi guda ɗaya ne. Girman ma'aikata, da tsawon katangarta, da sunan mai ita, ba su isa su zama ma'aunin kyawun wurin aiki ba. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne abin da zai rage a hannun ma'aikaci a ranar da aka rufe ƙofar wurin. Zan yi ƙoƙarin nuna dalilina, sa'an nan in kawo abin da ya kamata wanda aka sallama ya yi, da kuma tambayoyin da zai yi wa kansa kafin ya karɓi wani aikin.

ABIN DA YA FARU A KAKURI

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wadda aka fi sani da KTL, a Kakuri. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ita ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na ƙasar Ingila. Manufar a fili take, watau a daina loda audugarmu a jirgin ƙasa ana kai ta Turai sa'an nan a dawo mana da ita a matsayin yadi mai tsada. Audugar da aka gurza a Funtuwa da Malumfashi da Gusau ta zo Kaduna a kaɗa ta, a saƙa ta, talaka ya sami akoko da zawwati da araha. A cikin shekarun 1960 sai wasu masaƙun suka biyo baya: Nortex, da Arewa Textiles wadda Japanawa suka sa hannu a cikinta, da UNTL ta attajiran Hong Kong. Daga baya, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a nan Kakuri ɗin.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun san yadda garin yake a wancan zamani. Injuna ba sa kwana, ma'aikata suna karɓar juna dare da rana, in jiniya ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi. Albashin masaƙa shi ke riƙe da mai gidan haya, da mai tuwo, da tela, da mai tireda, tun daga Kakuri da Makera da Nasarawa har zuwa Tudun Wada da wannan unguwa tamu. A cikin masaƙun nan ne ƙungiyar ma'aikatan saƙa da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978 da hedkwatarta a Kaduna, ta yi ƙarfi. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya daga 1999 zuwa 2007, daga baya kuma ya zama gwamnan Jihar Edo, a Arewa Textiles ya fara. A lokacin, wanda ya sami aiki a masaƙa ana ganin ya gama neman abinci har abada.

Rushewar ba a rana ɗaya ta zo ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukwanen masaƙa da shi ya yi wuya. Noman auduga ya ja baya. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, 'yan fasa-ƙwauri kuma suka cika kasuwanni da atamfar Asiya mai araha, wani lokaci ma da zanen da aka kwaikwaya daga namu. A 2002 KTL ta rufe. A 'yan shekarun da suka biyo baya Nortex da Finetex da Arewa Textiles suka bi sahu, sa'an nan a 2007 UNTL, wadda ta fi su duka girma, ta sallami dubban ma'aikata. An sake buɗe ta a 2010 da rancen Bankin Masana'antu, amma Kakuri bai koma yadda yake ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna zarya da zanga-zangar neman kuɗinsu na sallama, alhali masaƙar mallakar jihohin Arewa ce, da yawa daga cikinsu kuma sun riga mu gidan gaskiya ba su ga haƙƙinsu ba.

AIKIN GWAMNATI FA?

Wani zai ce ai wannan aikin kamfani ne, aikin gwamnati daban yake. To, bari mu waiwaya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu ma a rediyo suka ji labarin tafiyarsu. A 1984 gwamnatin soja ta sake rage ma'aikata masu yawa. A nan Jihar Kaduna, a 2017, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, aka sallame su. A 2021 aka kuma rage dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, har ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta zo Kaduna ta yi yajin aiki a watan Mayu na shekarar.

Ban zo nan domin in yanke hukunci a kan waɗannan matakai ba, kowannensu yana da masu goyon baya da masu suka. Abin da nake nunawa shi ne, masaƙa mafi girma ta rufe, gwamnati kuma ta sallama, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Saboda haka wanda ya rasa aiki, sa'an nan ya tashi neman wata babbar inuwa kurum wadda zai fake a ƙarƙashinta ya manta da komai, bai ɗauki darasin da garin nan ya koyar ba.

ME MUTUM KE RASAWA IN YA RASA AIKI?

Kafin a nemi abu sai an san abin da ya ɓata. Kowa zai ce albashi ne, kuma gaskiya ne, domin yunwa ba ta jiran lacca. Amma akwai wani bincike da ya dace da halinmu ƙwarai, wanda aka yi a wani ƙauye mai suna Marienthal kusa da birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ƙauyen kacokan a kan masaƙa ɗaya ya dogara, kamar dai Kakuri. Masaƙar ta rufe tsakanin 1929 da 1930, aka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen ƙauyen ba mai aiki a cikinsu. Wasu masana, Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel, suka bi rayuwar mutanen, suka buga sakamakon a 1933.

Abin da suka gano ya ba da mamaki. An zaci tun da mutane sun sami lokaci za su ƙara karatu da halartar tarurruka, sai aka ga akasin haka. Aron littattafai a laburaren ƙauyen ya ragu, ko da yake an soke kuɗin aro. Ƙungiyoyi suka yi sanyi. Har tafiyar mazaje a kan titi aka auna, aka tarar ta yi nauyi, mutum ya yi taku kaɗan ya tsaya, don ba inda za shi. Matan kuwa, da yake girki da wanki da renon yara ba su ƙare ba, ranarsu ba ta wargaje kamar ta mazan ba.

Daga baya Jahoda ta bayyana cewa ban da kuɗi, aiki yana ba mutum abubuwa biyar: yana tsara masa lokacinsa, yana haɗa shi da mutanen da ba danginsa ba, yana sa shi cikin wata manufa da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, yana ba shi matsayi a idon jama'a, yana kuma tilasta masa motsi kullum. Duk wanda ya ga magidancin da aka sallama yana zaune a dakali tun hantsi har la'asar, yana gudun komawa gida don kada yara su tambaye shi kuɗin makaranta, ya san wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wurin aiki mai gamsarwa shi ne wanda ya mayar wa mutum da waɗannan abubuwa tare da abincinsa. Wurin da ya ba da albashi ya hana sauran, ya biya rabin bashi ne kawai.

MATAKAN FARKO BAYAN SALLAMA

Na farko, mutum ya san haƙƙinsa. Dokar ƙwadago ta 1974, wadda ta fi shafar leburori da akawuna, ta ce sai an ba ma'aikaci sanarwa kafin a sallame shi, ko a biya shi a madadinta: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko ya wuce. In rage ma'aikata za a yi, sai a sanar da ƙungiyarsu, a bi ƙa'idar cewa wanda ya shigo daga baya shi ke fara fita, a kuma tattauna kuɗin sallama. Manyan ma'aikata su kuma sai su duba takardar yarjejeniyarsu. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba, wanda ya rasa aiki kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru a asusunsa. In an danne haƙƙi kuwa, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kaduna. Saboda haka a adana takardar ɗauka aiki, da takardun albashi, da takardar sallama, kamar yadda ake adana takardar gida.

Na biyu, neman haƙƙi wajibi ne, amma kada ya zama sana'a. Wanda ya jingine rayuwarsa duka a kan ranar da za a biya shi, ko ranar da za a sake buɗe ma'aikatarsa, yana iya zama jiran gawon shanu. A bar wa ƙungiya da lauya bin sawun kuɗin, a riƙa halartar taro in an kira, amma sauran kwanakin mako na neman abin yi ne.

Na uku, a riƙe tsarin rana. Darasin Marienthal ke nan. Mutum ya tashi da asuba kamar yadda ya saba, ya yi wanka ya fita, ko da zuwa shagon wani ne ya taya shi aiki, ko koyar da yaran unguwa. A kuma gaya wa iyali gaskiya tun ranar farko, a zauna tare a rage abin da za a rage. Magidancin da ke fita kullum da kayan ofis don kada matarsa ta sani, ya haɗa wa kansa nauyi biyu.

Na huɗu, aikin wucin gadi ba abin kunya ba ne. Girman kai rawanin tsiya. Wanda ya ja A-daidaita-sahu ko ya kasa kaya a bakin titi don ya ciyar da iyalinsa ya fi wanda ke yawon roƙo da takardar digiri a aljihu. Sai dai a san cewa zango ne, a ware masa lokaci, a kuma ci gaba da neman inda za a sauka.

Na biyar, a taka ƙafa. Wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya bincika yadda mutane ke samun aiki a wani gari kusa da Boston, ya buga sakamakonsa a 1973 da 1974. Ya tarar fiye da rabinsu ta bakin mutum suka ji labarin aikin, kuma yawancin masu ba da labarin ba aminai ba ne, mutane ne da ake haɗuwa da su jefi-jefi. Dalili kuwa shi ne amininka abin da ka sani shi ya sani, amma tsohon abokin makaranta, ko wanda kuka yi hidimar ƙasa tare, yana yawo a inda ba ka zuwa. Mu dai tun tuni muka ce zumunta a ƙafa take. Wanda aka sallama yakan ɓoye kansa don kunya, alhali lokacin ne ya fi bukatar a san halin da yake ciki da kuma abin da ya iya.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A KARƁI AIKI

To, a ce aiki ya samu. Yaya mutum zai gane ko wurin zai kwanta masa a rai? Ga tambayoyi huɗu.

Ta farko: ana biyan haƙƙi a kan lokaci, kuma a rubuce? Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta bayyana aikinsa da ladansa da sharuɗɗan rabuwa. Dokar fansho ta ce mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Amfanin wannan tsari shi ne kuɗin ba ya hannun kamfani, don haka ba ya nutsewa tare da shi. Da irin wannan asusu ne ya riƙe haƙƙin mutanen masaƙa, da labarin da na ba ku ɗazu ya yi sauƙi. Kada a tsaya ga abin da manaja ya faɗa. A tambayi mai gadi da masinja ranar da aka biya su albashin watan jiya, domin matambayi ba ya ɓata. A 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi na ƙasa a kan naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka a ƙananan wurare sai mutum ya yi ciniki da bakinsa.

Ta biyu: yaya ake bi da na ƙasa? In ka je ganawar neman aiki, ka lura da yadda shugaba ke magana da direbansa da mai shara. Yadda ya yi musu haka zai yi maka bayan wata shida. Ka bincika ko akwai ƙungiyar ma'aikata, ko wata hanyar kai kuka ba tare da tsoron kora ba. Ka duba ko mutane suna daɗewa a wurin, ko kuwa kullum ana ɗauka ana zubarwa. Ga ƙannenmu mata, a ƙara da binciken ko ana kiyaye mutuncinsu, ana kuma ba da hutun haihuwa. Albashi mai tsoka ba ya wanke wulaƙancin kullum.

Ta uku, wadda ita ce zuciyar jawabina: me zan iya bayan shekara uku a wurin nan wanda ban iya ba yau, kuma wane ne zai saye shi a waje? Ku auna ma'aikata biyu a masaƙa ɗaya. Ɗaya ya yi shekara 20 yana tsaron injin saƙa, yana ɗaura zare in ya tsinke. Ɗayan yana sashen gyara, yana walda, yana naɗin wayar injin lantarki, yana gyaran famfo. Ranar da aka rufe ƙofa, gwanintar na farko ta zauna a cikin masaƙar tare da injin, domin ba wanda ke da irin wannan inji a gidansa. Na biyu kuwa ya fito da tasa a hannu, ga masu injin niƙa da masu janareto da masu rijiyar burtsatse suna nemansa. Ba wai na farko rago ba ne, tsarin aikin ne ya tsare shi a wuri ɗaya. Haka abin yake a ofis. Akawun da ya san hanyar da fayil ke bi a ma'aikatarsu kaɗai, da wanda ya koyi lissafin kuɗi da aiki da kwamfuta da rubuta rahoto, ba ɗaya suke ba ranar sallama. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Saboda haka in an ba ka zaɓi tsakanin wuri mai suna inda za ka maimaita abu ɗaya har tsufa, da ƙaramin wuri inda za a sake maka hannu ka koya, ka yi tunani sosai kafin suna ya ruɗe ka.

Ta huɗu: aikin nan wa yake amfana, kuma zan iya faɗinsa a gaban mahaifina? Mutum yana bukatar ya ga sakamakon guminsa, ya ga yaron da ya koya wa karatu, ko ƙofar da ya ƙera tana rataye a gidan wani. Wurin da za a sa ka sa hannu a takardar ƙarya, ko ka rage mudu, ko ka karɓi na goro kafin ka motsa fayil, ba zai taɓa ba ka kwanciyar rai ba komai yawan abin da ke shigowa.

Da wuya a sami wurin da ya cika huɗun nan duka. Amma ina ba da shawara kada a daɗe a inda ta farko ta faɗi, kada kuma a tsufa a inda ta uku ta faɗi.

PANTEKA DA SAURAN ƘOFOFI

Wurin aiki ba lalle sai mai katanga da mai gadi ba. Ga tsohuwar kasuwar Panteka nan a Tudun Wada, maƙwabciyar Kwalejin Fasaha ta Kaduna, inda dubban maƙera da masu walda da kafintoci ke mayar da tsohon ƙarfe ya zama tukunya da murhu da injin sussuka da ƙofa. Shekara da shekaru ɗaliban injiniya suna kai musu aikin kammala karatu su haɗa musu. Daga baya kwalejin ta ƙulla hulɗa da su domin a horar da masu sana'ar, a auna gwanintarsu, a ba su takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa, wadda Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, mai hedkwata a nan Kaduna, ke lura da ita. Ma'anar wannan ita ce, abin da hannu ya iya yana iya samun takarda, mai takarda kuma yana iya zuwa ya koyi aikin hannu ba tare da ya ji ya faɗo ba. Haka kuma ƙungiyar ma'aikatan saƙa, da ta ga masaƙu suna rufewa, sai ta buɗe ƙofarta ga teloli masu zaman kansu. Akwai kuma Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 1987, da Asusun Horar da Ma'aikata da aka kafa a 1971, dukansu suna da shirye-shiryen koyar da sana'a.

Amma kada in yaudare ku. Zaman kai ba aljanna ba ne. Wutar da ta gagari masaƙa ita ce ke gagarar mai walda a bakin titin Nnamdi Azikiwe. Ba albashin ƙarshen wata, ba hutun ciwo, kuma ba kowa aka halitta da jinin kasuwanci ba. Kuskuren da ya fi cin masu sallama shi ne su zuba kuɗinsu duka a sana'ar da ba su sani ba, don sun ga wani ya yi arziki da ita. Hanyar iyayenmu ta fi aminci: ka zauna a ƙarƙashin wanda ya iya, ka yi wata shida ko shekara kana koyo, ka san inda riba take da inda asara ke ɓuya, sa'an nan ka sa jari kaɗan-kaɗan. Ka shiga adashi ko ƙungiyar gama kai. Tun 2019 kuma akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu. Tambayoyin nan huɗu suna hawa kan shagonka kamar yadda suke hawa kan ofishin wani, har ma da ƙari, domin ran da ka ɗauki yaro, kai ne za a tambaya ko kana biya a kan lokaci.

KAMMALAWA

Jama'a, kada wani ya fahimci cewa na ɗora laifin rushewar Kakuri a kan ma'aikata. Ba mai tsaron inji ne ya hana wuta ba, ba shi ya buɗe iyaka ba, ba shi ya riƙe kuɗin sallama ba. Gyaran waɗannan yana wuyan hukuma, kuma da yawa daga cikinku ku ne hukumar gobe. In fayil ɗin haƙƙin wani ya zo teburinku, ku tuna akwai gida guda da ke jiran sa hannunku kafin a ɗora tukunya.

Ga ɗalibai, shawarata ita ce kada ku fita daga jami'a da takarda kaɗai. Ku yi amfani da dogon hutu da lokacin sanin makamar aiki ku koyi abin da wani zai biya ku dominsa ko da bai ga takardarku ba. Ga matasan ma'aikata, kowace shekara ku zauna ku tambayi kanku abin da kuka ƙaru da shi, ku duba asusunku na fansho ku tabbata ana zubawa, ku riƙe zumunci tun ba ku bukaci kowa ba. Ga wanda ke cikin halin rashin aiki a yanzu kuwa, ina cewa sallama ba ta rage maka daraja ba. Kujerar aka karɓe, amma sanin da ke kanka da amanar da aka san ka da ita suna nan tare da kai. Ka nemi wurin da zai ƙara maka su, ko babba ne ko ƙarami, domin su ne za su bi ka duk inda ka koma.

Malam Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Allah Ya ba mu sana'a mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jiran haƙƙinsu.